An Ce Mana Mai Shara Ne, Ashe Shi Ne Mai Zuba Sharar

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani yaro da bai kai sa'an ɗana na fari ba ya ci mini mutunci a bainar jama'a, a wani shagon sayar da kifayen ado a nan Birnin Kebbi, kuma laifina bai wuce cewa na je neman shawara kan kashin kifin da su da kansu suka sayar mini ba. Na daɗe ina haɗiye takaicin wannan kifi, amma abin da ya faru ranar ya sa na ga shirun ya isa haka.

Shekarun baya na ajiye akwatin gilashi mai cin lita 100 a falona da ke Badariya, da 'yan kifaye masu launi saboda yara. Da gansakuka ta fara rufe gilashin, sai mai shagon ya nuna mini wani ɗan kifi baƙi mai ɗigo-ɗigo, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ya manne bakinsa a jikin gilashi. Ya ce sunansa fileko, ya rantse mini cewa shi ne mai sharar akwati, yana cin gansakuka, yana cin ragowar abinci, har kashin sauran kifaye yana cinyewa, don haka in na saka shi na huta da canjin ruwa. A cikin maganar nan tasa cin gansakuka da ragowar abinci ne kaɗai gaskiya, gansakukar ma yana ƙarami ne yake damuwa da ita.

Fileko dangin tarwaɗa ne, asalinsa daga kogunan Kudancin Amurka, kuma irin da aka fi sayarwa yana kai santimita 30 zuwa 45, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 10. Ba ya cin kashi, babu kifin ado da kashi yake abincinsa. Abin da yake yi shi ne kankarar gilashi da dutse da itace dare duka, kuma da yake abincin ganye ba ya riƙe ciki, hanjinsa mai tsawo ne, ci yake yi yana fitarwa ba ƙaƙƙautawa. Duk wanda ya ajiye shi ya san abin da yake tararwa da safe. Kashi ne dogaye kamar zaren taliya, sun rataye a jikin shuke-shuke, sun kwanta a kan tsakuwa, wasu sun toshe bakin matatar ruwa. Nawa yanzu ya kusa tsawon taƙi ɗaya da rabi, idan ya juya sai ya tumɓuke duk abin da aka dasa, ya tayar da dattin da ke ƙasa, ruwan ya koma kamar na kududdufi.

Kuma abin da ido yake gani shi ne mai sauƙi. Kashin yana ruɓewa ya saki wata guba da ake kira amoniya, wadda take ƙona sassan da kifi yake numfashi da su. Akwai ƙananan halittu masu amfani da suke zaune a cikin soson matata, su ne suke juya amoniya zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa, wanda shi ma ba ya fita sai an ɗebe ruwa an zuba sabo. Waɗannan halittu da iska suke rayuwa, wato sai ruwa yana gudana ta cikin matata dare da rana. Idan aka ɗauke wuta na tsawon sa'o'i suna fara mutuwa, idan aka dawo da ita kuma famfon matatar ya tura ruɓaɓɓen ruwan da ya kwana a ciki zuwa kan kifaye. A zafin watan Afrilu, lokacin da garin nan yake haura digiri 40, ruwa ba ya riƙe iska sosai, dafin amoniya kuma yana ƙaruwa. Shi fileko yana iya tasowa ya haɗiyi iska a saman ruwa ya ci gaba da harkarsa, sauran kifayen ne suke mutuwa. Haka 'yata ƙarama ta wayi gari ta tarar da kifin da ta fi so yana yawo rigingine, ta yi kuka har ta ƙi karin kumallo.

Da wannan damuwa na shiga shagon. Na yi sallama, yaron yana zaune kan kujerar roba ya ɗora ƙafa a kan bokiti, idonsa a kan waya, bai amsa ba sai da na maimaita. Na gaya masa cikin natsuwa cewa kifin da aka sayar mini a nan ya fi ƙarfin akwatina, ina so ko dai su karɓe shi su ba ni ƙaramin iri, ko su sayar mini da matata mai ƙarfi da za ta iya ɗaukar dattinsa. Bai ɗago kai ba ya ce, “To Baba, mi kaka so in yi maka? Ni na halicce shi?”

Na ce masa, “Yaro, ba faɗa ya kawo ni ba. Maigidanka ne ya ce mini wannan kifi yana cinye datti.” Sai a lokacin ya ajiye wayar, ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya juya ga wasu samari biyu da ke tsaye suna kallon kifaye, ya ce, “Ku ji Baba, wai kifi yaka so wanda ba ya kashi. Baba, akwai na roba can kasuwa, shi ba ruwanshi da ci balle kashi.” Suka kwashe da dariya. Na tambaye shi ina maigidan, ya ce ya yi tafiya, alhali babur ɗinsa yana jingine a ƙofar shago. Na tambaye shi ko suna da abin gwada ruwa, ya ce shi bai taɓa jin ana gwada ruwa ba sai a asibiti. Ina tsaye a wurin wata mata ta shigo da ɗanta tana neman maganin gansakuka, a gabana yaron nan ya ɗauki raga ya kamo mata ɗan fileko, ya faɗa mata ƙaryar da aka faɗa mini, ko kalma ɗaya bai canza ba. Da na buɗe baki zan yi mata bayani sai ya daka mini tsawa, ya ce kada in ɓata masa ciniki. Sannan ya rufe da maganar da ta fi ƙona mini rai: “In ya ishe ka, ka kai shi gulbi ka sake, ai ruwa bai ƙi kifi ba.”

Na bar shagon jikina yana rawa. Mutum ya biya kuɗinsa, an yaudare shi, ya dawo da ladabi, sannan a mai da shi abin dariya a gaban yaran da ya haifa? Wanda yake sayar da mai rai amana ya ɗauka, ta dabbar da ta mai saye. Akwai ƙaramin irin wannan kifi mai gashin baki da ba ya wuce santimita 15, wanda ya dace da akwatin gida, amma ba sa kawo shi saboda babban irin ya fi araha a sari, kuma sun san kafin ya girma kuɗi sun daɗe da shiga aljihu.

Kula da kashin wannan kifi ba wani boyayyen ilimi ba ne. Kowane mako ana zura tiyo a tsotse dattin da ke cikin tsakuwa, a ɗebe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo. Soson matata a cikin ruwan da aka ɗebe daga akwatin ake wanke shi, domin kulorin da ke ruwan famfo yana kashe halittun nan masu amfani. Idan aka jefa masa yankin kokwamba da dare, sai a cire ragowar da safe kafin ta ruɓe. Duk ina yi. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar ruwa da wuta, kuma a nan ne ƙorafina ya wuce kan yaron shago. Famfon gidana ya daɗe da zama kayan ado, jarka nake saya wurin 'yan garuwa, kuma ranar da babu wutar da za ta tayar da burtsatse sai farashin ya hau. Ruwan da iyali za su sha su yi alwala shi nake rabawa da kifi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don famfon matata da bai fi cin wutar ƙwan fitila ba ya zama abin da magidanci zai yi ta lissafi kafin ya ja igiya.

Abin takaicin shi ne jihar nan ba ta rasa ruwa ba. Kogin Neja ya ratsa ta, gulbin Rima ya bi ta gefen Argungu da Birnin Kebbi, tafkin Kainji ya taɓo ƙasar Yawuri. Da aka gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, dubban mutanen Yawuri da Bussa ne aka tayar daga gidajensu da gonakinsu domin ƙasa ta samu lantarki. Fiye da shekara 50 bayan haka, jikokinsu suna kwana cikin duhu, kuma mutum ba zai iya ba da tabbacin cewa ɗan famfon akwatin kifinsa zai yi aiki daga magariba zuwa asuba ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da alkawarin ruwa da wuta, mu kuma muna nan muna jiran kurar mai ruwa.

Sai kuma shawarar da yaron ya ba ni ta gulbi, wadda na tabbata ba ni kaɗai aka ba ba. A ƙasashen da aka riƙa sakin fileko cikin koguna an ga abin da ya biyo baya. A Filifin ya cika kogin Marikina, a Meziko ya durƙusar da masuntan tafkin Infiyanilo har suka raɗa masa suna kifin shaiɗan, Bangaladash kuwa sai da ta haramta shigo da shi da kiwonsa da sayar da shi a 2023. Jikinsa sulke ne mai ƙaya, yana yaga taru, yana haƙa ramuka a gaɓar kogi har ta zaizaye, yana cinye abincin da ƙananan kifaye suka dogara da shi, kuma ruwan ɗumi irin namu shi yake so. Wannan jiha ce da duniya ta sani da sana'ar su, bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yin sa, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta saka shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Muna alfahari da giwan ruwan da ake fitarwa daga Matan Fada, amma babu wani jami'i da na taɓa gani ya leƙa waɗannan shaguna ya tambayi wane irin kifi ake shigowa da shi, ko ina ake kai shi idan ya girma. Basarken da ya jefa tarunsa yana neman ƙarfasa da kurungu don ciyar da iyali, ranar da ya fara jawo wannan ƙashin mai sulke da ba wanda zai saya, wa zai kai wa kuka?

Nawa kifin ba zan kai shi gulbi ba, zan ci gaba da sayen jarka ina tsotse kashinsa har in samu mai babban tanki da zai karɓe shi. Amma ina kira ga masu kula da harkar kifi a jihar nan, da sarakunan ruwa daga Argungu zuwa Yawuri, da su tilasta wa masu shagunan nan rubuta girman da kowane kifi yake kaiwa a jikin akwatinsa, su kuma wajabta musu karɓar duk filekon da ya fi ƙarfin mai shi.