Faɗan Laif a TikTok: Wa Ke Biya, Wa Ke Ci?

Da wuya sati ya wuce ba a samu wasu biyu sun hau laif a TikTok suna zage-zage ba, wannan ya ambaci uwar wancan, wancan ya tono asirin gidan su wannan. Kafin gari ya waye an yanko minti ɗaya an watsa a Facebook da WhatsApp, kowa na ta "innalillahi, tarbiyya ta lalace". Ban musa ba, ta lalace. Amma a ganina mafi yawan faɗan nan sana'a ce, kuma wanda bai san yadda kuɗinta ke tafiya ba, talla zai yi ta taya su yana zaton nasiha yake yi.

Da yawa suna ɗauka duk wanda bidiyonsa ya samu kallo miliyan ɗaya, TikTok ta turo masa daloli. Ba haka abin yake ba ga akawun ɗin da aka buɗe a Najeriya ko Nijar. Tsarin da TikTok ke biyan kuɗin kallo da shi, wanda ta sa wa suna Creator Rewards Program a 2024, a wasu ƙasashe ƙalilan ta buɗe shi, irin su Amurka, Birtaniya, Jamus, Faransa, Japan, Koriya ta Kudu da Brazil. Ko a can ɗin ma sai kana da mabiya 10,000, an kalle ka sau 100,000 cikin kwana 30, bidiyon kuma ya wuce minti ɗaya. Saboda haka yaron da ke Kurna ko Tudun Wada hanya biyu ta rage masa. Ko ya yi suna har masu sayar da turare, atamfa da kayan mata su riƙa ba shi talla, ko kuma ya hau laif a yi masa kyauta. Duka biyun sai da hayaniya.

Hawa laif yana buƙatar shekara 18 da mabiya wajen 1,000. Mai kallo yana sayen sulallan TikTok da kuɗinsa, sannan ya tura kyauta, wato 'yan hotunan da ke fitowa a fuskar waya: fure sulai 1 ne, zaki kuwa sulalla 29,999, abin da ya kai wajen dala 400. Inda kuɗin ya fi zuba shi ne gasa. Mutum biyu su haɗa laif, fuskar waya ta rabu biyu, a sama ga layin maki, agogo na ƙirga minti 5. Wanda aka fi yi wa kyauta shi ya ci. To me zai sa mutum ya zubar da kuɗinsa cikin minti biyar a kan wanda bai taɓa gani ido da ido ba? Wanda yake so ya burge, da wanda yake son a kira sunansa a ce "Alhaji ya shigo", suna nan. Amma babu abin da ke buɗe aljihu da sauri kamar zuciya. A zagi garinku, a ce matan jiharku kaza ne, a ce wanda kake goyon baya matsiyaci ne, sai ka ji ba za ka bari a kayar da shi ba. Ku lura da lokacin da zagin ke yin zafi: daƙiƙu talatin na ƙarshe, daidai lokacin da ake ihun "ku danna, ku danna, kar ku bari a ba mu kunya". Sannan wanda ya faɗi a yi masa hukuncin da aka shirya, ya zuba gari a ka ko ya shafa baƙin tukunya, wannan ma a yanka a watsa, ya zama tallan gasar gobe. Mutum biyu da suke gaba ta gaskiya ba sa sa wa juna lokaci kullum ƙarfe goma na dare.

A filin dambe idan attajiri ya yi liƙi, abin da ya fito daga aljihunsa ana gani, ɗan dambe da makaɗansa ne za su tattara. A nan kuwa kafin kuɗin ya isa hannun mai laif an yi masa yanka biyu. Idan a cikin manhaja aka sayi sulallan, Apple ko Google na iya ɗaukar har kashi 30 cikin ɗari, shi ya sa sulallan suka fi araha a shafin TikTok na intanet. Sai TikTok ta cire nata, ragowar ta koma abin da suke kira daimon, shi ake canzawa zuwa dala. A Oktoban 2022 BBC ta gwada wannan a binciken da ta yi kan iyalan Siriya da ke bara a laif daga sansanonin gudun hijira. Ta tura kyautar dala 106, abin da ya shiga akawun dala 33 ne. Bayan mai shagon cire kuɗi da dillali sun ɗauki nasu, dala 19 za ta rage wa iyalin. TikTok ta ce kasonta bai kai haka ba, amma ko da rabi ne, wanda ya tura zaki don ya kare martabar garinsu ya sani cewa kaso mai tsoka ba garinsu ya tafi ba.

Wannan lissafin ne ke karya masu dabarar tura wa kansu kyauta. Sai mutum ya ba abokinsa kuɗi ya sayi sulalla ya jefo masa babbar kyauta don 'yan kallo su ɗauka ana ruwan kuɗi su ma su shigo. Duk zagaye ɗaya rabin kuɗin ko fiye ya tafi. In ba a samu wanda ya hau tarkon ba, zagaye uku ya isa jari ya kusa ƙarewa.

Haka masu sayen "akawun ɗin Amurka" a hannun dillalai don a biya su kuɗin kallo. Matsalar farko, masu kallon bidiyon Hausa yawancinsu a Najeriya da Nijar suke, kuma farashin kallo yana bin ƙasar mai kallon ne. Ta biyu, ranar cire kuɗi za a nemi shaidar zama ɗan ƙasar da bayanan haraji, waɗanda suke hannun dillalin. Ranar da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da wayar take, ya yanke ko aka gano inda wayar take, ana iya rufe akawun ɗin da duk abin da ke ciki, kuma babu wanda za ka kai wa ƙara tunda kai ka fara karya ƙa'ida.

Kotu ma tana nan. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20, tara, da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Mutum zai iya ganin hukuncin ya yi tsauri, ni ma haka nake gani. Sai dai bulala ba ta taɓa tsarin da ke biyan hayaniya ba, wani lokaci ma wanda aka kama fitowa yake yi da ƙarin mabiya.

Inda namu laifin yake ke nan. Tun 2020 TikTok ta bayyana abin da ke sa ta ƙara watsa bidiyo: a kalle shi har ƙarshe, a tura wa wani, a yi sharhi. Na'urar ba ta bambance "Allah ya shirye ku" da "kun burge ni". Wanda ya ɗora nasa martanin a gefen bidiyon yana tsine musu, ya kai su gaban mabiyansa da ba su san da su ba. In abu ya ɓata maka rai, danne yatsa a kan bidiyon ka zaɓi cewa ba ka sha'awarsa, ko ka kai rahoto, ka wuce kafin ya ƙare. In dole sai ka yi magana a kai, yi ba tare da sa bidiyon ko sunan akawun ɗin ba.

Iyaye mata kuma ku duba wayoyinku. Tura kyauta ma sai ɗan shekara 18, amma yaron da ya ari wayar mamarsa da akawun ɗinta yake shiga. Idan katin ATM na liƙe a Play Store, a shiga saitin biyan kuɗi a sa sai an nemi kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kowane saye, ko a cire katin gaba ɗaya.