Maganin ciwo da abin da yake jawowa a shimfiɗar aure

Jama'a ku yi min uzuri, yau zan taɓo maganar da ba mu saba yi a bainar jama'a ba. Na daɗe ina juya ta a raina. Aikina ba da magani ne a kemis a cikin garin nan, saboda haka ina ganin ta da idona, ina kuma ganin yadda take cin gidaje a hankali ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Akwai maza da mata da yawa a Kano da ke shan maganin kashe zafin ciwo wata da watanni, wasu ma shekaru, maganin kuma ya taɓa musu sha'awa da harkar shimfiɗa. Su ba su san daga nan abin yake ba, abokan zamansu ba su sani ba, wanda ya rubuta maganin kuma sau da yawa bai faɗa ba.

Ba 'yan shaye-shaye nake nufi ba. Ina nufin ɗan dakon da bayansa ya gaji da buhu a kasuwar Dawanau ko Singa, da wanda ya yi hatsari aka haɗa masa ƙashi a Dala amma zogin bai bar shi ba, da masu sikila da suka tashi da ciwo tun suna goye, da mai suga da tafin ƙafarsa ke hana shi barci, da uwar da gwiwoyinta suka ƙi, da mai fama da ciwon daji. Waɗannan ba don marmari suke haɗiyar ƙwaya ba. In ba su sha ba, ko ruku'u ba za su iya ba.

Magunguna irin su taramadol da kodin da mofin da allurar fentazosin, wadda masu sikila suka fi sani da fenta, dangi ɗaya ne, kuma a ƙwaƙwalwa da laka suke aikinsu. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke aika saƙo zuwa marainan namiji su samar da testostiron, wato sinadarin da ke riƙe sha'awa da ƙarfin namiji, haka kuma yana aikawa gidan ƙwan mace ya tafiyar da al'adarta. Idan mutum ya daɗe a kan waɗannan magunguna, musamman in adadin da yake sha yana da yawa, sai saƙon ya raunana. Namiji sai ya ga sha'awarsa ta yi ƙasa, gabansa ba ya miƙewa yadda ya saba, ga kasala, ga saurin ɓacin rai, wani ma ƙwayoyin haihuwarsa su ragu. Mace kuma al'adarta ta rikice ko ta ɗauke, ni'ima ta ƙafe, saduwa ta koma mata zafi. Sai kuma magungunan ciwon jijiya, su amitiriftilin da dulokzetin da gabafentin da firigabalin, wanda wasu suka fi sani da Lyrica. Su nasu salon daban ne: sukan jinkirta kawowa, ko su hana gaba ɗaya, ko su sa barci ya kwashe mutum tun kafin ya kai ga iyalinsa. Taramadol ya haɗa duka biyun, domin bayan kashe zafi yana taɓa sinadarin serotonin kamar yadda wasu magungunan damuwa ke yi. Wannan jinkirin ne ya sa samari suke sayensa wai don su daɗe, ba su san in aka ɗore a kai shi ne zai kashe sha'awar da suke taƙama da ita ba.

Ba kowa ne abin ke samu ba, wannan gaskiya ne. Kuma ciwon kansa yana rage sha'awa, haka rashin barci da damuwa, haka suga da hawan jini, har da wasu magungunan hawan jinin. Shi ya sa ba a yanke hukunci a zaune a majalisa. Amma abin da ke ci min rai shi ne, a lissafinmu na Hausawa magani ba ya ma shigowa cikin abin zargi. Basir ne farko. In ba basir ba sanyi, in ba sanyi ba zaƙi ya yi yawa, in duk an sha jiƙe-jiƙen ba a ga canji ba, to an yi masa asiri, an ɗaure shi. A gidan da ake da kishiya kuwa, ba sai na faɗa muku inda za a nuna da yatsa ba.

Wani magidanci ya shigo min bayan sallar isha'i. Ya tsaya yana duba man goge baki a kanta kamar shi ya kawo shi, har sai da mutum na ƙarshe ya fita, sannan ya matso ya rage murya ya ce, "Dakta, don Allah akwai na ƙarfi mai kyau?" Na ce, "Alhaji, akwai wani magani da kake sha yanzu?" Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro takardar asibiti da ta tsufa har ta fara rabewa a wurin ninki, da sauran katin taramadol. Tun da ya faɗi a babur wajen shekara biyu yake sha, an rubuta masa na ɗan lokaci, shi kuma ya ci gaba da saye bai koma ba. Ya ƙarar da kuɗi a maganin basir. Maiɗakinsa ta daina tambaya, ta yanke a ranta aure zai ƙara, shi kuma ya koma daɗewa a waje har sai ya tabbatar ta yi barci. Da na ce masa wannan ƙwayar da ke hannunsa tana iya jawo duk abin da ya lissafa, sai ya yi shiru yana jujjuya katin, can ya ce, "Wallahi na zaci hannu aka sa min." Ban sayar masa da abin da ya zo nema ba. Na roƙe shi ya koma asibiti da takardar, kuma ya gaya wa matarsa a daren.

Mutum in ya gane daga magani ne, yakan yi ɗayan biyu, duka kuma akwai hatsari. Wani sai ya watsar da maganin rana ɗaya. Jikin da ya saba da taramadol ko kodin ba ya yarda da haka: gumi, gudawa, hamma, yoyon hanci, ciwon jiki, rashin barci, ga ciwon asali ya dawo da ƙarfinsa. Amitiriftilin da dulokzetin da firigabalin su ma a hankali ake sauka daga kansu, bisa tsarin likita. Wani kuma sai ya bar maganin yadda yake, ya ɗora na ƙarfin maza a kai, irin wanda ake tallarsa da lasifika a bayan mota ko a ƙulla a leda ba suna ba adadi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa ana samun sinadarin da ke cikin Viagra a ɓoye cikin wasu haɗe-haɗen da ake cewa na gargajiya ne zalla. Shi wannan sinadari, sildenafil, magani ne na gaske, likita yana rubuta shi kuma yana taimakon mutane. Amma in ya haɗu da maganin ciwon zuciya irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, jini yana iya faɗuwa warwas har a rasa rai. Ga mai sikila kuma akwai wani hatsarin: gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya, da zafi. Duk wanda hakan ta same shi har ya doshi awa 4, asibiti zai nufa a daren, ba jiran safiya, domin jinkiri yana iya lalata mazakutar har abada. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Akwai wani abin da ya ƙara wa marasa lafiyar nan nauyin baki. Tun 2018 da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, da kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ya fito a 2019 ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, duk wanda aka gani da taramadol kallon ɗan ƙwaya ake masa. Yaƙin da ake yi da shaye-shaye daidai ne, Kano ta ga bala'insa. Ƙwayoyin nan masu miligiram 225 da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke kamawa ba na asibiti ba ne, kuma ko mara lafiya ba a so ya wuce miligiram 400 a yini, domin fiye da haka yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Amma mai sikilar da ke shan nasa bisa takardar likita, yanzu kunya biyu ce a kansa: ta maganin da ta shimfiɗar. Yaya zai buɗe baki?

Mata kuwa, nasu ya fi ba ni tausayi. Namiji ko ba komai yana iya laɓaɓowa kemis da dare. Mace in ta ce ba ta jin komai, ko ta ce tana jin zafi, abin da za ta fara ji daga yayyenta da ƙawaye shi ne ba ta gyara. Sai a haɗo ta da tsimi da gumba da abin matsi, wasu ma su ƙara mata ƙaiƙayi da rauni a wurin da dama a bushe yake. In ta ƙi shimfiɗa a ranar girkinta a ce raini ne, a jawo mata hadisi. In ta daure ta yi, ta kwana da raɗaɗi a kan raɗaɗin da ya sa take shan maganin. In al'ada ta ɗauke ta zaci ciki ne, ta yi ta gwaji ba komai. Na ga matar da aka kusa kai ƙararta wurin iyaye a kan wannan, alhali canjin magani da man shafawa mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a kowane babban kemis su ne abin da take buƙata. Maigida, in matarka tana kan maganin ciwo ta canza maka, tambaye ta lafiyarta kafin ka tambaye ta laifinta.

Addininmu bai ce mu yi shiru a kan irin wannan ba. Ummu Sulaim ta zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta yi tambaya a kan mafarkin mace. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Malaman Malikiyya sun yi maganar mijin da ya kasa kusantar matarsa ƙarara, har suka ce a ba shi shekara guda ya nemi magani. Su sun ɗauki abin a matsayin lalura mai magani. Mu ne muka mayar da shi abin gori, har mutum ya gwammace aurensa ya mutu da a ji.

Kuma magani akwai. Likita yana iya rage adadin ƙwayar a hankali, ko ya canza ta da wata, ko ya sauya lokacin shanta don kada nauyinta ya faɗo daidai lokacin da mutum yake tare da iyalinsa. Yana iya tura shi gashi da motsa jiki, wanda ga ciwon baya da gwiwa yakan rage buƙatar ƙwayar sosai. Ana auna testostiron a jini, da safe ake ɗiba saboda lokacin ya fi yawa, a haɗa da gwajin suga da awon hawan jini, domin raunin gaba wani lokaci shi ne alamar farko ta matsalar jijiyoyin jini da zuciya. In sinadarin ya yi ƙasa akwai allurarsa, amma kada kowa ya saya ya yi wa kansa, musamman mai neman haihuwa, don tana rage ƙwayoyin maniyyi. Kada kuma a ce bari a koma diklofenak kullum tunda shi ba ruwansa da sha'awa. Yawan shansa yana kawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda. A garin nan muna da likitocin mafitsara da na mata a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, ga cibiyar mafitsara ta Abubakar Imam. Wanda kuma ya ga maganin ya fi ƙarfinsa, ya kasa ragewa, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da ke taimaka wa mutum ya sauka lafiya, zuwa wurinsu ba hauka ba ne. In bakinka ya yi nauyi, rubuta a takarda ka miƙa: tun da na fara maganin nan ba na iya kusantar iyalina. Ya wadatar, likita zai ɗora daga nan.

Tsakanin miji da mata kuma, kafin a kai ga gyaran, a faɗa wa juna gaskiya. A zaɓi lokacin da ciwo ya lafa ko da ba dare ba ne, a nemi kwanciyar da ba ta danne wurin ciwon, a sa matashi inda ya kamata, a ba wasa lokacinsa. Ba kowace kusanta ce sai ta kai ƙarshe ba. Hira a shimfiɗa ɗaya da riƙe hannu sun fi kwana a falo da sunan kallon labarai.

Roƙona na musamman ga likitocinmu da ma'aikatan jinya da 'yan uwana masu ba da magani ne. Na san layi yana da tsawo, na san mutum nawa ake gani kafin azahar, ga ɗalibai a tsaye, ga wani mara lafiyar a bayan labule yana ji. Amma Bahaushe ba zai fara wannan maganar ba, Bahaushiya balle. Ku ku fara. Ranar da kuka rubuta taramadol ko amitiriftilin na dogon lokaci, ku ce masa maganin nan yakan taɓa sha'awa, in ka ga haka ka dawo, akwai abin yi. Ranar da ya dawo karɓar wani, ku sallami ɗan rakiya tukuna, sannan ku tambaye shi yaya gida, yaya iyali, ku ɗan jira ya amsa.