Turaren fesawa da ya koma kunun gyaɗa

Uwargida ce ta jawo min. Ta ce tunda kullum ina cika mata kunne da ilimin sinadarai, in haɗa mata turaren fesa ɗaki na sunan ƙanwarta, lita ɗaya, ƙamshin lemo da kanumfari. Na ce aikin minti goma ne.

Na auno ruwa, na tsiyaya man ɓawon lemo mililita 7 da man kanumfari mililita 3. Nan take man lemo ya taso ya yi shimfiɗa a sama, na kanumfari ya gangara ƙasan kwalba ya kwanta. Ba mamaki: mililita ɗaya ta man lemo ba ta wuce giram 0.85 ba, ta kanumfari kuwa ta fi ruwa nauyi. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, su ma kishiyoyi ne?"

Na ɗauko mai sulhu, polisobet 20, wani ruwa mai kauri da na sayo a Sabon Gari. Dangin sabulu ne. Kowace ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa. Idan suka yi yawa a ruwa, sai su dunƙule, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Wannan dunƙulen shi ake kira misel, kuma faɗinsa bai fi nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), shi ya sa haske ke ratsa shi ruwan ya fito garau. Mai yana ɓuya a cikinsa ne.

Na sani sarai cewa mai da polisobet ake fara juyawa su zama abu ɗaya, sannan a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Amma ido na kaina, sai na yi gadara: na kwarara mililita 10 cikin kwalbar na girgiza. Abin ya koma fari fat kamar kunun gyaɗa. Man ya farfashe ne kawai zuwa manyan ɗigo masu watsa haske, bai shiga misel ba. Ƙaramin yaronmu ya tafi ɗauko kofi.

Washegari na bi ƙa'ida. Na gwada kowane mai shi kaɗai a ƙaramin kofi, na rubuta abin da ya ci kafin ya washe, na tara lissafin biyu. Da na haɗa su, hazo ya dawo. A nan ne aikin yake. Mazaunin mayukan biyu a cikin misel daban ne. Sinadarin da ya fi yawa a man lemo, limonin, ba ya ga-maciji da ruwa ko kaɗan, saboda haka can ƙuryar ɗaka yake shigewa. Yujinol na kanumfari yana da ɗan sashe mai shiri da ruwa, sai ya zauna a zaure, tsakanin kawunan. Zamansa a zauren yana sauya fasalin gidan gaba ɗaya, yana kuma sauya yawan baƙin da ƙuryar za ta ɗauka. Don haka garwayen da kansa ake gwadawa, ana ƙara polisobet mililita biyu-biyu. Nawa bai washe ba sai a mililita 50, ninki biyar na man.

Na ɗura a kwalabe, na jera a but ɗin mota, muka kama hanya da azahar ga zafin Afrilu. Muna isa na buɗe but ina taƙama. Kunun gyaɗa, kwalba goma. Irin su polisobet ba su da cajin lantarki, ruwan da ke manne da kawunansu ne ke riƙe su. Zafi na ƙaruwa, ruwan ya saki, misel su cure su yi gajimare. Polisobet zalla sai ruwa ya yi zafi sosai yake yin haka, amma yujinol yana sauko da wannan iyakar ƙasa, har but ɗin mota ya ishe shi. Maganin mai sauƙi ne: a sa a inuwa ko cikin randa ya huce, zai washe da kansa. Ɗan ɗigon tekzafon, sinadarin kumfa da ake haɗa sabulun ruwa da shi, mai caji, shi ma yana ɗaga iyakar.

Ni kuwa ina jin matan gida suna ƙus-ƙus, sai na kasa jira. Na zazzaga ragowar polisobet, na bi da tekzafon cokali biyu a kowace kwalba. Ya washe kuwa.

Hajiya surukata ce ta fara fesawa a falo. Kumfa ta fito tsiri-tsiri ta sauka kan tayil, tayil ya yi santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa, baƙi suka koma tafiya suna dafa bango. Hajiya ta shinshina, ta dubi ƙasa, ta dube ni.

"Malam, Allah ya yi albarka. Akwai saura? Tukwanen suna na nan a bayan gida ba a wanke ba."