Shahon Alhaji Bakano

Bayan isha'i ne, teburin mai shayi na bakin Zoo Road ya cika. Sai aka ji wata ƙara kamar jirgi zai tashi daga filin Malam Aminu Kano. Mai tsire ya riƙe tirensa, wani yaro ya zubar da shayi. Can sai ga wani baƙin babur ya tsaya, mahayinsa cikin rigar fata da hular kwano, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da ko singileti nauyi take wa mutum.

Bazazzage: Mai shayi, ɗan sama jannati ne ya yi ɓatan kai?

Bakano: (yana cire hula, gumi na zuba) Ni ne, Na Zazzau. Sallama dai.

Bazazzage: Alhaji! Kai ne a cikin fatar sa? Wa ya yi maka wannan hukuncin?

Bakano: Ba za ka gane ba. Wannan da kake gani Suzuki Hayabusa ne, ƙirar Japan, ta Kwatano ya shigo.

Bazazzage: Haya-busa? Wato haya ka ɗauko, ka zo kana busa mana.

Bakano: Jahilci dai ciwo ne. Da yarensu, hayabusa shaho ke nan. Girman injinsa si-si 1340, silinda huɗu. Wancan Boxer ɗin naka si-si 100 ne. A jera irinsa goma sha uku, har yanzu ina bin ka canji.

Bazazzage: To madalla. Mutum nawa yake ɗauka?

Bakano: Ni. In an matsa, da wani siriri a baya.

Bazazzage: Kash. Nawa kuwa a ƙauyenmu na hau, matata ya hau, buhun masara ya hau, akuya ma ya hau.

Bakano: Matarka YA hau? Ka fara gyara Hausarka kafin ka zo kan babur ɗina.

Mai shayi: Ranka ya daɗe, a sa madara gwangwani guda? Ni gudunsa nake son ji.

Bakano: Sa biyu. Kilomita 299 a awa ɗaya. Ba gazawa ya yi ba, kamfanonin ne da kansu suka haɗa baki wajen shekarar 2000 suka ce a tsaya nan, kada mutane su ƙare.

Bazazzage: Allahu akbar. Yanzu daga ina kake?

Bakano: Kantin Kwari.

Bazazzage: Minti nawa?

Bakano: Mai shayi, ina ƙwan da na ce?

Bazazzage: Ba ka ce ƙwai ba. Minti nawa, Alhaji?

Bakano: Hamsin. Amma laifin adaidaita sahu ne! Tun daga Ibrahim Taiwo wani ya tokare ni, ya rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" a bayansa, na karanta ya fi sau ɗari.

Bazazzage: Ni ma daga Kwarin nake. Na bi ta lunguna, har na tsaya na yi aski. Giya nawa gare shi?

Bakano: Shida.

Bazazzage: Nawa ka taɓa sakawa?

Bakano: Ta uku, sau ɗaya, a hanyar Zariya da asuba. Sai ga tunkiya.

Mai shayi: Ai tunkiyar Kano ba ta san shaho ba.

A nan Bakano ya zauna yana fifita ƙafafunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan babur a cunkoso ya san dalili: in iska ba ta ratsa lagireto, fanka ce ke tashi, ta kwashe zafin injin ta juye wa mai shi a ƙwauri.

Mai shayi: Alhaji, gas ɗina ya kusa ƙarewa. Ko in ɗora kaskon a kan injin?

Bazazzage: Man fa? Tun da aka cire tallafi a 2023 ni da cokali nake ba nawa.

Bakano: Tankinsa lita ashirin. Ban taɓa ganin ya cika ba, amma haka aka rubuta a takarda.

Bazazzage: Hajiya ya sani?

Bakano: TA sani. Ta ce in yanki kati a asibitin ƙashi na Dala tun da ƙafata, kada a kai ni a rasa mai cike fom.

Bazazzage: Mai hankali ne. A ina yake kwana, tunda gidanka a lungun Yakasai yake?

Bakano: Shiga yana shiga. Fitowar ce aiki, don ba shi da ribas, ga shi ya kai kilo 260. Kullum da safe almajirai huɗu ke jawo shi da baya.

Bazazzage: Kyauta?

Bakano: Da koko da ƙosai.

Bazazzage: Ashe kamfani ka buɗe. Silinda huɗu, ma'aikata huɗu.

Bakano ya shanye shayinsa a fusace, ya haye, ya danna sitata. Ƙit. Ya sake dannawa. Ƙit, ƙit. Jama'a suka yi tsit.

Mai shayi: Ka buga kik mana.

Bakano: Ba shi da kik.

Bazazzage: Ba ribas, ba kik. Me aka saka masa da kuɗin?

Bakano: Batir ne. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa, aka ce sai an aiko daga Legas. Na Zazzau, don zumunci, sauke ni gida.

Bazazzage: Haba Alhaji, kun hana acaɓa a garinku tun 2013, ka sa hukumar kula da hanya ta KAROTA ta ƙwace mini abin hawa? Mai shayi, ara mini igiyar rumfarka.

Aka ɗaura Hayabusa a gindin Boxer. Bakano ya mayar da hular kwano, ya sauke gilashinta har ƙasa.

Bazazzage: Yauwa, kariya na da kyau.

Bakano: Wace kariya? Kada surukaina su gane ni.

Bazazzage: To riƙe kan da kyau. Nawa yana yin sittin in ya samu gangara. Yau za ka ga gudun da ba ka taɓa yi a cikin Kano ba.