Kafin Johanna Veenstra ta hau keke, sai da ta zauna a aji

'Yan'uwa, duk wanda ya taso a ikilisiya a kudancin Taraba ya san sunan Veenstra. Makarantar tauhidi da ke Donga sunanta take ɗauke da shi, fastoci kuma ba sa rasa ambatonta a ranar biki. Amma tare wani matashi ka ce ya ba ka labarinta, abin da za ka ji bai wuce "wata Baturiya ce da ta kawo bishara ƙasar Takum" ba. Wannan gajarce labarin yana damuna, domin ya yanke sashen rayuwarta da ya fi shafar iyayenmu mata da 'ya'yanmu mata a yau.

An haifi Johanna Veenstra a 1894 a garin Paterson, a Amurka. Mahaifinta kafinta ne da ya ajiye aikinsa ya tafi karatun fasto, bai daɗe da kama aikin ikilisiya ba zazzaɓin taifod ya ɗauke shi, ita tana ƙaramar yarinya. Uwar ta koma Paterson da marayu ta buɗe kanti. Johanna ta shiga aikin ofis a New York tun ba ta gama girma ba. Gidansu ba na masu hali ba ne, babu wanda ya share mata hanya.

Tana wajen shekara 19 ta shiga makarantar horar da 'yan mishan a Brooklyn. A 1915 ta saurari Karl Kumm, wanda ya kafa mishan ɗin SUM (Sudan United Mission), yana magana kan ƙasashen nan namu, zuciyarta ta tsaya a kan zuwa. Sai mishan ɗin ya ce ba ya tura kowa sai ya cika shekara 25. A nan nake so mu dakata, don nan ne ake tsallakewa. Ba ta zauna tana ƙirga kwanaki ba. Ta yi aikin bishara a unguwannin birnin Grand Rapids, ta ɗauki darussa a kwalejin Calvin, sannan ta koma New York ta koyi aikin ungozoma a asibitin Bellevue. Da ta sauka Legas a farkon 1920, wani zaman karatun ne ya sake tarbar ta: ta biyo har Ibi a bakin Binuwai, ta duƙufa koyon Hausa, domin da Hausa za ta yi wa'azi, da ita za ta koyar. Sai a 1921 ta zauna a Lupwe, kusa da Takum, cikin Kutebawa. Ku lissafa da kanku, shekarun shirinta sun fi rabin shekarun da ta yi tana aikin.

Tafiye-tafiyen kuwa ta yi su, babu musu. Kan keke inda hanya ta yarda, a ƙafa inda duwatsu suka hana, ƙauye bayan ƙauye, ga magani ga wa'azi. In ta koma hutu Amurka ma ba hutawa take yi ba, majami'a zuwa majami'a take bi tana roƙon ikilisiyarta ta Christian Reformed ta karɓi aikin Lupwe. Majalisarsu ta riga ta zaɓi ƙasar Sin don aikin mishan a 1920, saboda haka ba su karɓa ba sai a 1940, shekara bakwai bayan an binne ta. Waɗanda suka amsa kiranta tana raye mata ne irinta daga ikilisiyarta: Nelle Breen, Jennie Stielstra da Bertha Zagers.

Abin da ta gina a Lupwe da ya fi komai daɗewa makaranta ce ta kwana, inda samari ke koyon karatu da rubutu da Littafi Mai Tsarki don su koma ƙauyukansu su zama masu bishara. Ta dage cewa masu bi na ƙasar su ɗauki nauyin ikilisiyarsu da hannunsu, kada su zuba wa kuɗin Turawa ido. Mace ce ta horar da mazan da suka fara tsayawa a bagade a ƙasar Takum, alhali a ikilisiyarta ta gida mata ba su sami izinin kaɗa ƙuri'a a taron jama'a ba sai a 1957. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Shekara guda kawai ta riƙe shi. A watan Afrilu na 1933 aka yi mata tiyatar afendis a asibitin mishan na Vom kusa da Jos, zuciyarta ta gaza, ta rasu saura 'yan kwanaki ta cika 39. A Vom kabarinta yake.

Ba na cikin masu mayar da ita mala'ika. A zamanin mulkin mallaka ta zo, kuma 'yan mishan na wancan lokaci, har da ita, sun rubuta kalmomi a kan kakanninmu da suke yi wa zuciya zafi idan ka karanta yau. Ya kamata a faɗi wannan a fili a gaban ɗalibai. Haka kuma aikin ba nata ne ita kaɗai ba: akwai masu fassara, masu ɗaukar kaya, masu bishara na farko da matansu, waɗanda sunayen yawancinsu ba su shiga littafi ba. Duk da haka godiyata gare ta ba ta ragu ba.

Yanzu mu dubi gidanmu. Wa ke riƙe da ikilisiya ranar Talata da Alhamis, lokacin da maza ke kasuwa da ofis? Zumuntar Mata. Su ne wajen gaisuwar rasuwa, su ne a asibiti, su ne ke haɗa kuɗin mota su kwana a hanya don halartar taron shekara, su shimfiɗa tabarma a ajin firamare su kwana. Mama da yawa sun haddace surori sun fi wasu masu digiri, wasu da littafin waƙoƙi suka koyi haɗa baƙi. Amma idan ɗayansu ta rasu, me muke karantawa a tarihinta ranar jana'iza? Ta iya tarbar baƙi, tuwonta ba ya ƙarewa, ta je Urushalima ta dawo da JP a bayan sunanta. Duk gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Sai dai ba na jin ana cewa ga abin da ta koyar, ga waɗanda suka zauna a gabanta suka fahimci Romawa ko Ibraniyawa. Ba a faɗa ne domin ba mu ba ta ajin ba tun farko.

Na sha ganin yarinya mai kaifin kai ta ce tana son makarantar Littafi Mai Tsarki, a ce mata ta bari sai in ta auri fasto, sai ta shiga sashen matan ɗalibai. Wannan ba daidai ba ne. Ba maganar naɗa mata fasto nake yi ba, wannan muhawara ce dabam kuma kowace ɗarika tana da matsayinta. Maganar karatu nake yi. Biriskila ta zauna tare da mijinta Akila suka ƙara wa Afolos fahimta, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 18, kuma ba wanda ya ce ta wuce gona da iri.

Iyayenmu dattawan ikilisiya, da girmamawa nake roƙo. Idan ana tsara kasafin shekara mai zuwa, a ware kuɗin makarantar mace guda daga kowace gunduma, budurwa ce ko gwauruwa ko uwar 'ya'ya, a tura ta Donga ko Bukuru ko duk inda ɗarikarku ke horarwa. Iyayenmu na Zumunta, ku ma kuna da asusu, kuma kun fi kowa sanin wadda ta dace a cikinku. In ta gama ta dawo, a ba ta ajin masu shirin baftisma da nazarin tsakiyar mako, a rubuta sunanta a jadawalin masu koyarwa yadda ake rubuta na maza.