Idan aka sa jarrabawa a ƙofar makarantar unguwarmu, ina sauran yaran za su nufa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ranar Asabar da ta wuce na halarci taron tsofaffin ɗaliban sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke unguwarmu a nan Kaduna, kuma tun da na dawo gida maganar ta ƙi barin raina. Ba zan kama sunan makarantar ba, waɗanda suka je taron sun san ta. Shawarar da aka kawo ita ce mu rubuta wa hukuma takarda, mu nemi a mayar da makarantar ta zaɓaɓɓu: duk yaron da zai shiga aji ɗaya sai ya zauna jarrabawa ta musamman, a kwashi masu maki mafi yawa daga ko'ina cikin gari, a rage cunkoso. Aka ce da haka ne martabar makarantar za ta dawo. Zaure ya ɗauki tafi. Ni dai hannuna ya kasa.

Ba wai ban ga abin da suka gani ba ne. Watan jiya na shiga makarantar kai wa ɗan yayata wata takarda da ya manta a gida. Na tsaya bakin ajinsu na ƙirga, yara sun haura ɗari. Benci ɗaya mutum biyar, wasu a ƙasa kan buhun da suka zo da shi daga gida, wasu sun ɗare taga da littafi a cinya. Malamar lissafi na rubutu a allon da ya koɗe, ƙarfe goma ba ta yi ba muryarta ta riga ta dishe. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyyar da muka yi aiki a cikinsa a zamaninmu yana kulle, ta taga na hango an jibge karyayyun kujeru a ciki. Duk wanda ya ci arzikin makarantar nan ya ga haka, dole zuciyarsa ta yi zafi. Don haka ban zargi niyyar kowa ba. Maganin da aka kawo ne nake da ja a kansa.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: jarrabawar da za a yi wa ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, me take aunawa? Ga yaro ya fito daga firamaren kuɗi, ajinsu mutum ashirin, ana ɗaukar masa malamin lesin da yamma, an saya masa littafin tambayoyin shekarun baya, akwai sola a gidansu, ana yi masa Turanci tun yana rarrafe. Ga wani ya fito daga firamaren L.E.A., da ya taso sai shagon babansa ko ɗiban ruwa, da dare babu wuta. Ka zaunar da su rana ɗaya da takarda ɗaya, ka ce ƙwaƙwalwa kake nema? Aljihun uba ka auna. Mu a Kaduna mun fi kowa sanin halin da firamarenmu ta shiga. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba, ta sallame su. Har yau ana jayayya a kan matakin, amma ko wane ɓangare kake, ka san tushen da ake ɗora ɗan talaka a kansa ba mai ƙwari ba ne. To yaron da ya yi shekara shida a wannan yanayi, shi za mu hukunta a bakin ƙofa?

Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya faru washegarin taron. Akwai wata baiwar Allah da ke suyar ƙosai a bakin layinmu, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, babbar tana aji shida. Na je sayen ƙosai da safe, sai ta rage wuta ta ce, "Malam, wai da gaske ne yanzu sai an ci jarrabawa za a shiga makarantar can?" Na ce, "Hajiya, magana ce dai ake yi, ba a yanke ba tukuna." Ta ce, "Idan ba ta ci ba fa?" Na ce akwai wasu makarantun. Ta dube ni ta ce, "Da wane kuɗin Napep?" Na rasa amsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Yarinyar nan da ƙafa za ta je makarantar unguwa cikin minti goma, ta dawo ta taya uwarta wanke wake, la'asar ta wuce Islamiyya. Ka tura ta wata unguwa mai nisa, zuwa da dawowa kullum, wallahi zango ɗaya ba za ta cika ba. Baffanninta za su ce ta zauna gida, daga nan sai talla, daga talla sai maganar aure. Ba shaci-faɗi nake yi ba, a gabanmu ake yi.

A wajen taron wani yayanmu ya kawo misalin Barewa. Gaskiya ne, makarantar da aka kafa a Katsina a 1921, ta zauna a nan Kaduna daga 1938 kafin ta koma Zariya a 1949, zaɓen ɗalibai take yi, kuma ta fitar da Sardauna, da Tafawa Balewa, da Gowon, da Murtala, da Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Amma Barewa ba ta taɓa zama makarantar unguwa ba. Ta kwana ce, daga larduna ake kawo mata yara. Haka kwalejin gwamnatin tarayya da ke Malali, sai ka ci jarrabawar shiga da NECO ke shiryawa. Haka makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Kano ta fara a 1977, kuma kowa ya ga likitoci da injiniyoyin da suka fitar. Ni ba na ƙin irin waɗannan makarantu, ina ma a ƙara su. Abin da na ƙi shi ne a ɗauke ƙofa ɗaya tilo da ke kusa da talakan unguwa a miƙa wa wanda dama yana da ƙofofi goma. Kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 cewa ta yi shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta yaya za ka wajabta wa uba kai ɗansa makaranta, sannan ka tare ɗan a bakin get?

Sannan batun sakamako. Tabbas idan ka tsinci yara mafi ƙoƙari ka tara su wuri guda, sakamakon WAEC zai yi kyau ko ba ka ƙara malami ɗaya ba. Za mu buga a Facebook mu yi ta alfahari. Waɗanda aka mayar kuma za su je su cika makarantun maƙwabta da dama a cike suke. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Ni kaina da an yi wannan jarrabawa a zamaninmu, da ban shiga ba. Na gama firamare ina haɗa baƙi da ƙyar. A aji biyu wani malamin Turanci, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya riƙa tsayar da mu mu shida bayan an tashi, a ƙarƙashin dalbejiyar bayan ofis, yana sa mu karanta tsohuwar jarida layi-layi har muka kama. Cikin mu shidan nan yau akwai ma'aikacin jinya, akwai malamin makaranta. Da yawa daga waɗanda suka yi tafi ranar Asabar, idan suka tuna da kyau, ta irin wannan hanyar suka bi.

Idan masu hazaƙa muke so mu tallafa wa, a ware ajin kimiyya na musamman a babbar sakandare, bayan yaro ya yi shekara uku a hannun malaman makarantar ya zauna jarrabawar aji uku. Kuɗin da ƙungiya ke tarawa a sayi benci, a buɗe ɗakin gwaje-gwajen nan, a biya malaman da za su yi wa 'yan aji ɗaya darasin karatu da yamma. Takardar da za mu kai wa hukuma ta zama ta neman ƙarin azuzuwa da malamai.

An ce za a sake zama ƙarshen wata kafin a sa hannu a takardar. Na roƙi shugaban ƙungiya a gayyaci iyayen yara da mai unguwa, domin ranar Asabar babu ko mutum ɗaya a zauren da ɗansa ke makarantar yanzu. Ita kuwa mai ƙosai na gaya mata ranar, ta ce za ta tashi suya da wuri ta zo.