Wai wane magani ta haɗa?

Tun ranar Asabar maganar da Alhaji ya yi a walimar Agege take ci mini rai. Yarinya ta shafe shekaru a ɗakin gwaji tana nazarin furotin, wato sinadaran da suke gina jiki suna gudanar da ayyukansa, ta dawo da digirin dakta, iyayenta suka tara jama'a don a taya su murna, sai babban baƙo ya karɓi lasifika ya tambaya cikin dariya wai wane magani ta haɗa da za a saya a kemis. Aka yi tafi. Madalla da wannan hikima, ranka ya daɗe. Bisa wannan ma'auni naka, wanda ya haƙa rijiya bai yi aikin komai ba, tunda ba shi ne yake tura kurar ruwa a unguwa ba.

Tunda kemis ne abin awonmu, bari in kawo Matthias Mann, Bajamushen da duk mai wannan fanni ya san sunansa. Babu ƙwaya ko ɗaya da ake sayarwa da sunansa a kasuwar magani ta Idumota da ke Legas. Ya yi digirinsa na dakta a Jami'ar Yale ta Amurka a hannun malaminsa John Fenn, kuma sunansa yana cikin takardar da suka fitar a 1989, wadda ta nuna yadda za a fesa ruwa mai ɗauke da furotin ya zama raɓa mai cajin lantarki, raɓar ta bushe, furotin ɗin ya tashi a iska ba tare da ya farfashe ba, na'ura ta auna nauyinsa. Kafin nan da wuya ake iya tayar da manyan ƙwayoyin furotin a iska don a auna su, domin zafi yana lalata su. Fenn ya kwatanta abin da yi wa giwa fukafukai, kuma wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel a 2002.

A wannan shekarar ta 2002 Mann da ɗalibansa, a garin Odense na ƙasar Danmak, suka fito da dabarar SILAC. Ana raba ƙwayoyin halitta gida biyu, misali masu ciwo da masu lafiya, a ciyar da kashi ɗaya da tubalin furotin na yau da kullum, ɗaya kashin kuma da irinsa wanda aka ɗan ƙara wa nauyi, sannan a gauraya su, na'ura ta faɗi wane furotin ne ya yi yawa a ƙwayar da ke da ciwo kuma wanne ya ragu. A 2008 shi da Jürgen Cox suka saki manhajar MaxQuant kyauta, wadda take tantance dubban furotin daga awo ɗaya. Ɗakunan gwaji a faɗin duniya da ita suke aiki, har da waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Wannan shi ne tasirin masani: wasu su ɗauki kayan aikinsa su gano abin da shi kansa bai taɓa nema ba. Ba kwalbar magani ba ce, kuma ba tarin takardun da ake lissafa wa mutum ranar ƙarin girma ba ne.

Na san za a ce talaka magani yake so, ba manhaja ba. Wannan magana ce ta wanda yake son tuwo amma ya raina manomi. Babu gidan da bai san sikila ba a ƙasar nan, kuma duk wahalar nan tana fitowa ne daga tubali ɗaya tak da ya sauya a wuri na shida a jikin furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini. Wani masani mai suna Vernon Ingram ne ya gano hakan a wajajen 1956, ta hanyar yanka furotin ɗin gunduwa-gunduwa yana kwatanta na mai lafiya da na maras lafiya. Shi ma, Alhaji, bai haɗa magani ba.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne fuskar yarinyar. Ta sunkuyar da kai, ta naɗe gefen gyalenta a yatsa, ta yi murmushin da ake yi wa babba idan ya yi kuskure. Ta san amsar sarai, tarbiyya ce ta hana ta bayarwa. Ni ma ina wurin kuma ban ce uffan ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

Fenn ɗin ma bai tsira daga masu irin wannan awo ba. Da ya cika shekara 70 dokar ritaya ta sa aka rage masa wurin aiki a Yale, takardar 1989 ta fito yana da 72, daga baya ya tattara ya koma wata jami'a a jihar Bajiniya, kuma a can kiran Nobel ya same shi yana da shekara 85.